Kawu, Wanda Aka Rufe da Tukwane

Mu na Allah ne, kuma wurinsa muka nufa. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya wata Laraba da hantsi, ana gab da faɗuwar damina. Ya rasu a ɗakinsa, a unguwarmu ta bakin gulbi a Jibiya, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar.

Zaman makokin ya yi wuya, domin babu inuwa. Aka shimfiɗa tabarmi a jikin katanga, rana na matsowa ana ja da baya, har dattawa suka takura kafaɗa da kafaɗa. Wani tsoho da ya zo daga Farfaru ya yi addu'a, ya shafa, sannan ya ɗaga kai ya dubi wajen gulbi, ya daɗe yana dubawa.

"Ashe haka wurin nan ya koma?" in ji shi. "Ina duhun itatuwan da na sani?"

Wani ya miƙa masa ruwa.

Wani falke daga Magama, abokin Kawu tun ƙuruciya, bai iya rufe bakinsa ba. Ya ce da mai unguwa, "An ce mani da tukwane kuka rufe shi. Mutum kamar wanga, a ce an rasa itacen kabarinshi?" Mai unguwa ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce labarin da tsawo.

A cikin gida mata suna ta shiga da fita. Matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Inna, tana zaune a ƙofar ɗaki, idonta a bushe. Ruwan da ake ba baƙi daga maƙwabta ake ɗebo shi, don babu randa a gidan. Mahaifiyata ta ce maganar da ta fi ji a bakin mata ita ce, "Ya faɗa mana." Maza ma a waje haka. Kowa ya zo sai ya girgiza kai ya ce, "Allah Ya jiƙansa, ya faɗa mana." Kamar dai yabo ne. Ni kuwa duk wanda ya faɗa sai in tuna da ranar da na ga gatari a kafaɗar shi mai maganar.

Ni tela ne a tashar motoci ta bakin iyaka. Na koyi karatun boko a ajin manya, kuma tun daga nan ba na wuce mai tallan ƙananan littattafai a kasuwa. A cikin littattafan nan mutumin kirki yakan sha wuya, amma a shafin ƙarshe sai gari ya taru ya ba shi gaskiya, a yi kiɗa, a ɗaura aure. Na daɗe ina jiran shafin Kawu ya zo. Da na ga ba zai zo ba, na ce bari in rubuta abin da ya faru, kada wata rana a tambayi dalilin tukwanen nan a rasa mai amsawa.

Tsakanin gidajenmu da gulbi akwai kurmi. Tsohuwar gonar kakannin su Kawu ce da aka bari, itatuwa suka cinye ta: gawo, kanya, tsamiya, marke, kurna, da wata ƙirya babba a can ƙarshe inda gaɓa ta lanƙwasa. Da rani gulbin rairayi ne kawai, jakai na birgima a ciki. Da damina kuwa yakan taso da fushi, ya daki gaɓa, saiwoyi su riƙe shi. A bakin kurmin nan rijiyar unguwa take. A nan na fara ganin yarinyar da ta zama matata, tana jan guga, inuwar ganye na yawo a fuskarta kamar ana yi mata zane. Har yau idan na rufe ido, wannan hasken nake gani.

Kawu shi ne babba a zuri'ar, don haka riƙon wurin yana hannunsa, amma kowa yana shiga. Mata su tsinci busasshen itace, makiyaya su kaɗa wa dabbobi 'ya'yan gawo, masu magani su ɓare ɓawo kaɗan su shafe wurin da laka. Kullum bayan sallar asuba Kawu sai ya ratsa kurmin da sandarsa. Yana da wata ɗabi'a: ba ya wuce itace bai ɗora tafin hannunsa a jikinsa ba, yadda ake taɓa goshin mara lafiya.

Sai gyaɗa ta yi daraja, motoci suka yawaita a hanyar Maraɗi. Sukan yi layi a bakin iyaka suna jiran 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan, su gama bincike, direbobi da fatake su kwana biyu a wurin. Masu tuwo, masu tsire, masu ƙosai suka cika tashar, kowane murhu yana neman itace. Aka fara da rassa. Daga baya sai a wayi gari a ga kututture sabo, fari fat, ba a san wanda ya sare ba.

Kawu ya tashi a masallaci ya yi magana. Ya ce, "Jama'a, saiwar nan ce ke riƙe da gidajenmu." Kowa ya ce gaskiya ne. Kowa ya ce lallai ya kamata a yi wani abu. Aka watse. Wani ya ba da shawara a kai ƙara ga malamin daji, nan take aka yi masa ca, domin kowa na tsoron a mayar da wurin gandun hukuma, a hana ko tsintar ƙirare. Wani kuma ya ce ai itatuwan nan tun kafin a haife mu suke, ba za su ƙare a zamaninmu ba.

Sai Kawu ya kira gayya. Inna ta dama fura, aka ɗauko mai ganga. Ranar na ga abin da ya faranta mini rai: samari suna sarar ƙaya suna shinge, mai ganga na kiran sunan uban kowa, 'yan mata na guɗa daga bakin rijiya. Wanda aka wasa sai ya ƙara ƙaimi har zufa ta rufe masa ido. Aka dasa 'ya'yan itatuwa a guraben da aka sare. Na ce a raina, to, ga shafin ƙarshe ya zo.

Da rani ya shiga, dashen yana son ruwa, kuma ba a ban ruwa da ganga. Kawu kaɗai ke jigila da tulu. Awaki suka keta shingen, kowa ya gani, kowa ya ɗauka na bayansa zai gyara. Wata safiya na tarar da shi tsaye kan wani dashe da ya bushe. Ya ce mini, "Ɗan ƙanwata, na gane kuskurena. Na yi ta kiran jama'a. Jama'a ba ta da gida, ban san inda zan je in yi mata sallama ba."

Akwai mutum ɗaya da ba ya raga wa Kawu, shi ne taubashinsa, ɗan goggonsa, masassaƙi ne mai yin turame da kujeru. Tun suna yara suke wasan taubasantaka, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Ranar nan yana zaune yana fiƙe taɓarya, Kawu ya faɗa masa damuwarsa, ni ina gefe ina auna masa riga.

"Bawana, kai dai ba ka san mutane ba," in ji Taubashi. "Ka ce da su akwai aljana a cikin tsamiyar can, ta shaƙe wani baƙo. Ka ɗaura jan ƙyalle, ka zuba gashin kaza. Wallahi ko inuwar wurin ba mai sake takawa."

"In yi ƙarya da iskoki, ina sallah?"

"To yi ta sallarka, su yi ta sara. Mutum ba ya tsaron abu don yana sonshi, sai don yana tsoronshi."

"Ƙarya kake. Ka taɓa ganin wanda ya bar akuya ta ci dankalin bayan ɗakinshi? Abin da ba na kowa ba ne ake bari ya lalace."

Suka yi ta yi har murya ta tashi, wasa ya koma faɗa na gaske. Taubashi ya ce Kawu na da taurin kai irin na jakin gishiri. Kawu ya ce wanda ke cin abinci da gatari ba shi da bakin magana a kan itace. Wannan ta yi wa Taubashi zafi. Ya tattara kayansa ya shige gida, suka daɗe ba sa gaisawa sai a sahun sallah.

Daga wannan gardama Kawu ya samo dabararsa. A wajenmu ana iya mallakar itace dabam da ƙasar da yake tsaye a kai. Mutum yakan gaji ɗorawa a tsakiyar gonar wani, ba mai taɓa masa. Kuma kyautar da aka yi gaban shaidu ba a komawa a karɓe ta. Wata Juma'a bayan an sauko, Kawu ya ja liman da mai unguwa da magidanta zuwa kurmi. Ya riƙa kama hannun kowane maigida, ya ɗora tafinsa a jikin itace, ya kira mutumin da sunan ɗansa na fari, ya ce, "Na ba ka wannan, kai da 'ya'yanka. Ku shaida." Wasu suna dariya, wasu kuwa na ga idonsu ya kawo ruwa, musamman waɗanda ba su taɓa mallakar komai ba sai garma.

Da aka zo kan ƙiryar ƙarshe, itacen da ya fi kowanne kyan turmi da gawayin maƙera, sai Kawu ya waiwaya ya ce, "Ina bawana?" Taubashi ya fito daga baya yana taunar goro.

"Ni za ka ba ƙirya? Ka tabbata hankalinka ɗaya?"

"Kawo hannunka."

"To ku shaida, gobe da safe turame za ta koma."

Aka yi dariya, faɗansu ya mutu a nan. Tun daga ranar, kullum suka haɗu da safe, gaisuwar Taubashi ita ce, "Bawana, yau zan sare ta." Kawu ya ce, "Allah Ya karya ƙotar."

Ni ban samu ba, domin ban yi aure ba tukuna. Na nuna masa raina bai so ba. Ya dafa ni ya ce, "Kai da kake tsayuwa bakin rijiya kana ƙirga ganye? Ranar da aka kawo maka ita, zan kai ku ku biyu, in ba ku wadda ta fi kowacce inuwa." Ashe ya lura. Shi ne kuma ya je ya nema mini aurenta, ya sayar da ɗan maraƙinsa ya cika abin da ya rage, bai taɓa ambata ba.

Dabarar ta yi aiki, wannan kam ba mai musu. Sara ta tsaya cak. Mutum ya ga baƙo ya nufi kanyarsa da gatari sai ya taso da gudu ko takalmi babu. Kowa ya kewaye nasa da ƙaya. Har gasa ake yi, a ce gawon wane ya fi na wane. Kawu ya yi ƙiba a shekarun nan, yana tafe yana murmushi shi kaɗai.

Sai shekarar da gero ya ƙi. Rumbuna suka zama wayam tun kafin tsakiyar rani. Mata suka koma tafasa da rama ba gari. A tasha kuwa murhu bai mutu ba, domin motoci ba su daina zuwa ba, kuma masu abinci suna ba da hatsi a karɓi itace.

Wanda ya fara wani maƙwabcinmu ne mai 'ya'ya ƙanana da yawa, mutum mai kunya, wanda ya yi kuka ranar rabo. Da rana tsaka ya sa wa gawonsa gatari. Kawu ya ji ƙarar daga gida, ya fito ba hula. Na bi shi.

"Mi kake yi haka?"

Mutumin bai ɗago ba. Ya ce, "Kawu, ka ba ni ko ba ka ba ni ba?"

"Na ba ka don ka tsare."

"Gaban liman ka ce nawa ne, ni da 'ya'yana. To ga 'ya'yan can kwance, tun jiya ba su sa komai a baki ba."

Kawu ya juya ya tafi gida. Da yamma ya aika wa mutumin da damin gero daga ɗan abin da ya rage masa, Inna na kallo. Amma gawon ya riga ya kwanta.

Abin da ya biyo baya ya fi yunwar ba ni tsoro. Da can mai sara ɓoyewa yake yi, don ya san abin kunya ne. Yanzu kowa nasa yake sarewa, a fili, har ya nemi a taya shi. Da na farko ya faɗi, na biyu bai ji nauyi ba. Waɗanda ke da sauran hatsi ma suka bi, suna cewa in gaɓa za ta tafi, itacena ɗaya ba zai riƙe ta ba, gara in amfana. Kawu ya bi gida gida, wannan karon ya san inda zai yi sallama. Ana ba shi tabarma, a ba shi girma, a ce, "Gaskiyarka, Kawu," gobe a ji gatari. Bai da ikon hanawa. Da hannunsa ya raba, kuma shaidu na nan da ransu.

Taubashi bai ce masa ai na faɗa maka ba. Ya dai ci gaba da gaisuwarsa ta safe, amma Kawu ya daina amsawa.

Aka kawo mini amaryata bayan kaka. Kawu ya zo ya sa albarka, ya zauna kaɗan, bai iya haɗa ido da ni ba. Babu sauran abin da zai ba mu. Matata takan je rijiya ta dawo fuskarta na ƙuna.

Daminar da ta biyo, gulbi ya zo bai tarar da mai riƙe shi ba. Ya ci gaɓa kamar ana yankan tuwo. Ya tafi da rijiyar, ya tafi da katangar gidan mutumin da ya fara sara, da ɗakuna na wasu gidajen. A lanƙwasar da ƙirya take ne kawai ƙasa ta tsaya. Daga nan Kawu ya fara raguwa. Bai fasa fitar asuba ba, sai dai yanzu kututture yake bi yana dafawa. Inda ya ga toho ya fito, sai ya ja ƙaya ya rufe. Mutane suka riƙa kauce masa a hanya. Ba ƙinsa suke yi ba. Ganinsa ne ke tuna musu.

Ranar da ya rasu, masu haƙa suka gama kabari, aka zo neman itacen da ake jerawa a kan ƙaramin rami kafin a sa laka. Aka duba gidaje, sai kara da ƙirare. Inda ake samun itace mai kauri yanzu tafiya ce mai nisa, gawa kuma ba ta jira. Sai wani ya ce, "Ga ƙirya can. Reshe nawa ne? Ai babu wanda ya fi shi cancanta." Nan da nan kowa ya yarda. Na ga yadda fuskoki suka saki, kamar an samu hanyar biyan Kawu. Wasu ma suka ce a kayar da ita gaba ɗaya, a ajiye saura don masu zuwa.

Muka ɗunguma. Muka tarar Taubashi ya riga mu, gatarinsa a hannu. Aka buɗe masa hanya. Sai ya zauna a gindinta, ya jingina bayansa, ya ɗora gatarin a cinya.

"Bismilla, Baba, rana na yi," in ji mai unguwa.

"Ba a taɓa ta."

"Don ɗan'uwanka ne fa."

"Na san ko don wa. Liman, kana nan ranar da ya kama hannuna?"

Liman ya ce yana nan.

"Mi ya ce?"

"Ya ce ya ba ka."

"To tawa ce, ban bayar ba. Kowa ya yi yadda ya so da tashi, ba wanda ya hana shi. Ni ma ku bar ni da tawa." Ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ku kashe shi da gatari, ku rufe shi da gatari? Ko reshe. Wanda ya matso, ni da shi."

Wani matashi ya fara cewa wannan wulaƙanta gawa ne, liman ya ɗaga masa hannu. Ya ce a garuruwan da itace ya yi wuya da tukwane ake rufewa, a fasa su biyu a kife, kuma babu laifi a ciki.

Labari ya riga mu isa gida. Muna zuwa muka ga randar Inna a ƙofar zaure, wadda aka kawo ta da ita gidan tana amarya, ta juye ruwan a ƙasa. Sai ga tulu ya leƙo ta kan wata katanga. Sai ga tukunya ta kan zana. Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma gida bayan gida suka riƙa miƙowa, wasu da ɗumin wuta a jikinsu. Kowane maigida ya karɓi ta gidansa ya ɗauka da kansa. Mutumin da ya fara sara ya zo da tukunyar tuwonsu, ita kaɗai gare su. Taubashi ne ya fasa su da bayan gatarinsa, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba za su ruguje ba. Ban taɓa jin maƙabarta ta yi shiru irin na ranar ba. Ƙarar tukwanen kawai ake ji.

Bayan sadakar uku na fita da asuba na bi hanyar Kawu. Na yi zaton zan tarar da unguwa duka ta fito da ƙaya, kamar yadda zai faru a littafi. Mutum biyu na gani, kowa a gindin kututturensa, ba mai kallon wani. Sai Taubashi a ƙarƙashin ƙirya. Na ji shi yana cewa a hankali, "Bawana, yau zan sare ta." Ya yi shiru, ya saurara.

Da ya gan ni ya tashi, ya kama hannuna ba tare da ya tambaye ni ba, ya ja ni zuwa wani kututturen kanya a bakin gaɓar da ta zabge. Mai ita ya yi ƙaura bayan ruwa ya ci ɗakinsa, ya bar wa Taubashi. Wani toho ne a gefensa, bai kai tsawon yatsa ba, ƙayar da Kawu ya sa tana kansa. Ya ɗora tafina a kan busasshen itacen.

"Ya ce mani ya yi maka alkawari. Ba inuwa, ba 'ya'ya, sai jigilar ruwa da faɗa da awaki. Kuma wataƙila gulbi ya tahi da ita bana. Kana so?"

Na ce ina so.

"To na ba ka. Ba shaidu, sai Allah."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya masa ƙasar da yake ciki, Ya ba shi inuwar da muka hana shi. Ya ba Inna haƙuri. Ina wannan rubutu hadari na haɗuwa a gabas, matata ta ɗauki tulun da muka aro ta nufi bakin gaɓa. Tsakanin tohon nan da ramin gulbi bai fi shimfiɗar tabarma ba.